Ba Duka Ba Ne Barewa

Ranar da na ce wa Baba ina so in kai yara safari, yana zaune a kan buzunsa a zaure da rediyo kusa da kunne. Ya rage murya ya ce, "Safarar me kuma? Goro ko shanu?" Na yi dariya, amma da na sake tunani sai na ga bai yi kuskure sosai ba. Kalmar ta Sawahili ce, su kuma daga Larabci suka are ta, daga tushen da mu ma muka samo tamu safarar. Na ce masa ba fatauci ba ne, kallon namun daji za mu je. Ya dube ni ya ce, "Kallo kawai? Ku biya kuɗi, ku kalla, ku dawo?" Na ce e. Ya ce to shi ma a sa da shi, ya ga wannan abin mamaki.

Abin da ya tayar da maganar wani abokin aikina ne da ya je Kenya, ya cika mana waya da hotunan Masai Mara, garken dabbobi iya ganinka, zaki kwance a gefen mota kamar kyanwar gida. Yarana suka gani suka hana ni sakat. Albashin malamin makaranta ba ya kai mutum Nairobi, ko shi kaɗai, balle da iyali. Abin da ya fi damuna shi ne a garin nan namu na Kaduna da aka raɗa wa suna saboda kadduna, yarana ba su taɓa ganin kada a cikin kogi ba. Muna haye gadar kogin kusan kullum. Iyakar saninsu da dabba shi ne keji a wurin shaƙatawa na Gamji da kuma talabijin.

Sai muka tsayar da Yankari, a hutun ƙarshen shekara. Mu shida a motar ƙanina: ni da shi, uwargida, yara biyu, da Baba a gaba yana riƙe da carbi. Mun bar Tudun Wada bayan asuba, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka muka hau Jos, muka gangara ta Toro. Mun kwana a Bauchi. Washegari muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karkata dama zuwa ƙofar dajin da ke Mainamaji. A nan yara suka fara murna wai an iso. Ashe daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, daji hagu da dama, ba gida ba gona. Wannan tafiyar ce ta fara nuna mini girman wurin. A takarda an ce murabba'in kilomita 2,244 ne, amma lamba ba ta shiga kai sai ka yi kusan awa guda kana tafiya ba ka ga hayaƙin murhu ba.

Waɗanda suka fara yi mana maraba gwaggon biri ne. Ma'aikacin da ya nuna mana ɗaki ya yi gargaɗi har sau biyu: a rufe ƙofa, a rufe gilashin mota, kada a riƙe leda a hannu. Uwargida ta ce ai ta ji. Ko minti goma ba a yi ba, tana fito da kaya daga but, wani ƙato ya zo da tafiyarsa ta isa, ya sa hannu ya ɗauke ledar kilishin da muka tsaya muka saya, ya koma gindin bishiya ya zauna ya yage takardar. Ko gudu bai yi ba. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ku da kuka ce kallo kuka zo, ga shi an fara karɓar kuɗin kallo." Can gefe kuma mugun dawa ne da 'ya'yansa, sun durƙusa a kan gwiwa suna kiwo a filin masauki, ko kallonmu ba su yi.

Da yamma muka gangara matakala zuwa ruwan Wikki. Wannan kam duk abin da aka faɗa a kansa gaskiya ne. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, kuma ɗuminsa ba ya canjawa dare da rana, rani da damina, yana nan a wajen digiri 31. A cikin sanyin hunturu kamar an dafa maka ruwan wanka. Baba ya ƙi shiga. Ya naɗe ƙafar wando ya zauna a baki ya tsoma ƙafafunsa, ya ce wannan ya ishe shi, gwiwarsa ta gode.

Da sassafe muka shiga motar zagaye, buɗaɗɗiya, da jagora ɗaya a gaba. Duk wanda hotunan Kenya suka ruɗa, gara ya san wannan tun daga gida: can fili ne fetal na ciyawa, dabba ba ta da wurin ɓuya. Yankari kuwa dajin itatuwa ne, ga doguwar ciyawa, ga kurmi a bakin kogin Gaji. Dabba tana iya tsayawa taku ashirin daga gare ka ba ka sani ba. Rabin awa na farko zabi kawai muka gani, sai ƙudan tsando da ya same ni a wuya. Babban ɗana, mai shekara 12, ya fara tura baki.

Sai motar ta tsaya. Wata dabba ja mai zanen fari a jiki tana tsaye a inuwa, ta ɗaga kunne. Yara suka haɗa baki, "Barewa!" Kafin jagoran ya ce komai Baba ya ce, "Kai, ina barewa a nan? Mazo ne. Ku saurara, in ya tsorata haushi yake kamar kare." Jagoran ya waiwayo ya dube shi. Aka ƙara gaba, ga wasu manya masu gashi buzu-buzu a bakin fadama. "Barewa!" in ji autata. Baba ya ce, "Amarya, kin ba ni kunya. Gwambaza ke nan. Ba ta nisa da ruwa, kuma namanta wari gare shi, kakanku na sama ba ya ɓata kibiyarsa a kanta." Da muka ci karo da kanki, mai doguwar fuska da baya a zube kamar an danne shi, jagoran bai ma yi magana ba, sai ya juya ya ce, "Baba, bismilla." Daga nan aikin ya koma hannun tsoho.

Ni kaina kunya ta kama ni, don da ni aka tambaya, da barewa zan ce. Na yi digiri, ina koyar da yara, na san sunan dabbobin nan da Turanci daga littafi, amma a harshen da aka haife ni cikinsa duk mai ƙaho da siririyar ƙafa barewa ce. Baba an haife shi a wani ƙauye a ƙasar Birnin Gwari, mahaifinsa maharbi ne. Ya zo Kaduna yana saurayi ya kama aikin masaƙa a Kakuri, ya yi shekara talatin yana jin ƙarar inji, har masaƙun suka mutu. Tun tasowata ban taɓa jin ya ambaci gwambaza ba. Me zai kawo maganarta a Tudun Wada?

Wanda ya fi burge ni gwanki. Guda huɗu muka gani, suka tsallaka hanya ba gaggawa. Girmansa ya kusa na doki, fuska baƙi da fari kamar an yi masa kwalliya, kunnuwa dogaye, ƙaho ya lanƙwasa baya. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Gwanki sha bara!" da wata murya da ban san yana da ita ba. Na sha jin wannan kirari a bakin maroƙa da 'yan siyasa, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai ranar da zan ga mai shi tsaye ba. Haka ma ɓauna. Mun hango garkensu daga nesa, baƙi ƙirin cikin ƙura, carki na bin bayansu. Saniyar sake, in ji Baba, kuma ya ce maharbi ya fi tsoronta a kan zaki, don in ka yi mata rauni zagayowa take ta jira ka.

A hanyar komawa wasu manyan tsuntsaye baƙaƙe guda biyu suna takawa a ƙasa cikin natsuwa. Baba ya tambayi ɗana, "Aboki, ka san shigar burtu?" Yaron ya ce e, in mutum ya ɓad da kama. Ya ce, "To ga burtun." Ya kwatanta yadda mahaifinsa yake ɗaura kan burtu na itace a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya shiga tsakiyar namun ba su ankara ba. Jagoran ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah Ya jiƙansa, Baba. Amma da yau ne, da mu za mu kama shi." Baba ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Da kun kama shi, da kun yi daidai. Amma shi ɗaya yake harba, a ci a gida. Waɗanda kuke fama da su yanzu ba irinsa ba ne." Jagoran ya ce wannan gaskiya ne. A ɗan gidan tarihin da ke masauki mun ga tarkuna da bindigogin da aka ƙwace, da hauren giwa, da fatu. Ya gaya mana aikin gadin daji ba wasa ba ne, akwai abokan aikinsu da suka rasa rai a hannun mafarauta, ga kuma masu shigo da shanu kiwo.

Giwa dai ita muka zo nema. Yankari na cikin wurare ƙalilan da suka rage da giwaye a Najeriya, kuma yawansu ya ragu ƙwarai, yanzu ana maganar ɗari zuwa ɗari da hamsin. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, kuma ƙungiyar kare namun daji ta WCS tana taimakawa wajen tsaronsa. Duk wannan na karanta kafin mu taso. Abin da ban lura da shi ba shi ne lokaci. A Disamba akwai sauran ruwa a tafkunan cikin daji, giwa ba ta da dalilin zuwa inda mota take bi. Jagoran ya ce mu dawo a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ya ƙone komai, kowace dabba dole ta gangaro Gaji.

Zagaye uku muka yi cikin kwana biyu. A na ƙarshe, da la'asar sakaliya, direba ya taka birki a wani wuri da aka karya rassa, an ɓare bawon wata bishiya har sama da tsayin mutum. A tsakiyar hanya ga tulin kashi, kowane curi ya kai ƙwaryar fura. Jagoran ya sauka, ya ba Baba hannu shi ma ya sauko, mu aka ce mu zauna. Tsohon nan ya tsuguna, ya sa bayan hannunsa a kai, ya ce, "Da ɗuminsa." Ya nuna sawu a cikin yashi, faɗinsa kamar faifai, da wani ƙarami a cikinsa, ya ce uwa ce da ɗa. Aka kashe mota. Muka yi tsit. Can cikin kurmi muka ji ƙas, reshe ya karye, sai wani gurnani mai zurfi wanda ka fi jin sa a ƙirji fiye da kunne. Autata ta ƙanƙame hannuna. Mun fi minti ashirin a wurin, rana na faɗuwa, ba abin da ya fito. Jagoran ya ce mai ɗa ba a matsa mata, muka juya.

Na ɗauka yara za su yi fushi. Ɗana dai ya ce an cuce shi, bai ga zaki ba, bai ga raƙumin dawa ba. Na ce masa raƙumin dawa sai Sumu, can wajen Ganjuwa, inda aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya a 2006, wata rana ma je. Autar kuwa har yau in baƙi suka zo, labarin kashin giwa take ba su, da yadda Kaka ya taɓa shi da hannu.

A hanyar dawowa, mun wuce Saminaka, Baba ya ce, "Ka san muna da namu a gida?" Kamuku yake nufi, a ƙasar Birnin Gwari, wanda aka mayar gandun tarayya a 1999. Daga Kaduna bai kai rabin nisan Bauchi ba. Ya ce yana yaro giwaye kan ratsa ta bayan gonarsu, a kwana ana buga gwangwani ana kunna wuta. Kowa a motar ya san abin da ya sa muka tsallake na kusa muka tafi na nesa. Shekara da shekaru hanyar Buruku zuwa Birnin Gwari ba ta biyuwa sai da rakiya, dajin kuma ya zama mafakar 'yan bindiga. An yi sulhu a ƙarshen 2024, motoci sun dawo hanya, amma ban kai ga ɗaukar yara in shiga wannan daji da su ba tukuna. Baba bai matsa ba. Ya ce in dai an samu hali kafin ƙafarsa ta gaza, akwai wani dutse da yake so ya nuna mini.

Tun da muka dawo na sayi ƙaramin littafi mai bango ja. Bayan sallar isha'i nakan zauna da shi a zaure, yana faɗa ina rubutawa, dabba da kamanninta da kirarinta in tana da shi. Mun wuce suna arba'in, har da tsuntsaye. Jiya ya tsaya a kan wata ƙaramar dabba mai kama da gada wadda ya ce a kan duwatsu take zama, sunan ya ɓace masa. Ya yi ta murza goshi, ya ce in bar layin a buɗe, zai tuno.