Ɗiyar Yayata da allurar insulin

Ɗiyar Yayata ta daina fitsarin kwance tun tana shekara huɗu, sai ga shi ya dawo tana da shekara tara. Ta sha ruwa yanzu, anjima kaɗan ka gan ta a bakin randa. Ci take sosai, amma kullum ramewa take. An ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba ta na taifot, har aka fara raɗe-raɗin sammu. Sai ranar da ta fara amai tana numfashi sama-sama aka garzaya asibiti, aka soki yatsarta aka gwada jini: ciwon suga nau'i na 1.

"Likita, ai wannan ciwon manya ne," in ji Yaya. Ashe ba haka ba ne. Irin wannan ya fi kama yara da matasa, kuma ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke taimaka wa jiki amfani da suga, sai suga ya taru a jini, jiki kuma ya kasa amfana da shi. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaran da suka kamu ba sa daɗewa a duniya. Wanda aka fara yi wa allurar a Janairun 1922 ma yaro ne, mai suna Leonard Thompson.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu zuwa dubiya da shawara: a jiƙa garafuni, a dafa shuwaka, a daina "saba mata da allura". Don Allah a bari! Shuwaka a miya ba laifi, amma ba ta maye gurbin insulin. Yaron da aka yanke wa allura zai iya suma cikin 'yan kwanaki, har ya rasa ransa.

Wahalar ba ƙarama ba ce. Tsinken gwajin suga na da tsada, zafi na lalata insulin, ga rashin wuta. Yaya na ajiye kwalbar a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a lungu mai sanyi.

Ni na raka ta makaranta muka yi wa malamarsu bayani: in ta ga yarinyar na gumi, jikinta na rawa, sugan ne ya yi ƙasa, a ba ta alawar da ke jakarta nan take, sannan a kira mu. Malamar ta amince kuma ta riƙa barin ta fita fitsari ba sai an tashi tara ba.