Ranar da na daina cewa “komai lafiya lau”

Lokacin da aka tabbatar mini da ciwon sukari nau'i na biyu, likita ya ɗora ni a kan metformin, ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare, sannan aka haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa bibiyar yadda nake shan maganin. Duk sanda ta kira ni a waya ko muka haɗu a asibiti, amsata ɗaya ce: komai lafiya lau. Alhali kuwa maganin yana murɗa mini ciki har da gudawa, don haka nakan tsallake na safe duk ranar da zan fita aiki, kunya kuma ta hana ni faɗa.

Gwajin HbA1c ne ya tona mini asiri, domin shi matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku yake nunawa, ba ya ruɗuwa da kiyayewar da mutum ya yi ana gobe zai je asibiti. Sakamakona ya haura kashi 7 cikin 100 da aka ce in tsaya ƙasa da shi. Na shiga ofishin ma'aikaciyar jinyar ina jiran faɗa, sai ta ce, “Malam, a kwana bakwai da suka wuce, sau nawa maganin ya wuce ka?” Da ta tambaye ni ko ina sha, da na ce ina sha kamar kullum, amma wannan tambaya ta nuna mini cewa ta saba jin irin haka daga bakin majinyata. Na ce sau huɗu, na kuma faɗi dalili.

Bayanin da ta yi mini daga nan ya tsorata ni. Da likita ya ɗauka ina shan maganin yadda ya kamata kuma bai wadatar ba, yana iya ƙara mini wani magani kamar gliclazide, wanda kan iya sa sukarin jini ya yi ƙasa fiye da kima, wato ƙasa da 70 mg/dL a ma'aunin sukari, musamman idan mutum bai ci abinci ba. Ke nan da an gina sabon magani a kan ƙaryata. Ta ce in riƙa haɗiyar ƙwayar tare da abinci, kada in ninka idan na manta, sannan ta yi magana da likita aka canza mini zuwa nau'in metformin mai narkewa a hankali. Cikina ya lafa bayan 'yan makonni.

Yanzu ina da ƙaramin littafi da nake rubuta kowace rana a ciki, ba na kuma cike gurbin ranar da na fashe. A haɗuwarmu ta ƙarshe gurbi biyu ta gani, duka na dare ne, muka mayar da ƙararrawar wayata zuwa lokacin cin abincin dare.