Wanda bai taɓa dirowa ba, kada a kira shi para

Tun ina cikin kaki har na tuɓe shi, ra'ayina ɗaya ne a kan wannan magana. Duk sojan da aka rubuta sunansa cikin rundunar ƴan laima, waɗanda muke ce wa para a nan Yamai, wajibi ne ya diro daga jirgi ya samu shaidarsa. Kuku ne, direba ne, magatakarda ne, likita ne, ko shi kwamandan kansa.

Ɗan ƙanena da ke cikin soja shi ya tono mini zancen. Ya zo gaisuwa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya ce: "Baba, ai wannan zamani ya wuce. Yaƙin yanzu a kan babur da Toyota ake yin shi, ga kuma jirgi marar matuƙi. Don me za a tilasta wa mutum faɗowa daga sama?" Na ce masa, ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Abin da ke faruwa a Tillaberi da Diffa da arewacin Tawa, a ƙasa ake yin shi. Dira kuma tana cin kuɗi: man jirgi, gyaran jirgi, laimomin da ke da wa'adin aiki, ga ƙafafun da ke gocewa ko su karye wajen horo. Amurka ma da dukiyarta, rundunarta ta 101 da ta yi suna da dirar Normandi a 1944, ta daina zama rundunar dira tun 1974, ta koma kai farmaki da helikwafta. Ba su ɓoye ba, sun sauya aikin, suka sauya horon da shi.

Amma sauran rabin maganar, sai wanda ya taɓa tsayawa cikin jirgi ƙofa a buɗe zai gane ta.

Ana jera ku ne ɗaya bayan ɗaya, babbar laima a baya, ta ko-ta-kwana a gaba kan ciki, maɗaurai sun matse cinyoyi har tafiya sai a tale. Kowa yana riƙe da ƙugiyar igiyarsa, ya maƙala ta a wayar ƙarfen da ke bin tsawon jirgin. Wannan igiya ita ce za ta fizgo laimar da zarar ka fita. Ba ka iya ganin bayanka, saboda haka wanda ke bayanka shi ke duba maka, kai kuma ka duba na gabanka. Ƙarar injin ta hana a ji magana, sai dafa kafaɗa da alamar hannu. Idan fitila ta koma kore, layin gaba ɗaya yana kwarara waje cikin ƴan daƙiƙu, don jirgin yana cinye fili da gudu. Mutum ɗaya ya turje a bakin ƙofa, waɗanda ke bayansa sun wuce filin sauka ke nan, su faɗa cikin ƙaya ko kan duwatsu, nesa da ƴan uwansu. Daga tsayin mita 400 da ake dirar horo, lokacin da kake da shi na ɗaga kai ka duba ko laima ta buɗe daidai, in ba ta buɗe ba ka ja ta cikinka, bai kai a yi tunani ba. Hannu ne ke yi da kansa, kuma hannun da bai saba ba ba ya yi. Sai sauka: ƙafafu a haɗe, gwiwa a ɗan tanƙwashe, ka mirgina ta gefe. Idan iskar hunturu na kaɗawa, laimar za ta ja ka a kan ƙarangiya har sai ka tashi ka zagaye ta ka kashe mata iska.

Shi ya sa Faransawa ba sa ba da shaidarsu sai an yi dira 6, a makarantarsu ta garin Pau. Amurkawa kuwa mako 3 suke yi, su cika da dira 5. Horon ba dogo ba ne. Wanda ya kasa ba da mako 3 na rayuwarsa, da wane ido zai dubi wanda ya ba da?

Masu cewa a ƙyale kuku da direba da mai rubutu, ina tambayarsu: ranar da aka ce kampani duka ya tashi, wa zai bi su da magani? Wa zai riƙe rediyo? Idan likita bai iya dira ba, wanda ya karye a filin sauka sai ya jira mota, kuma in da mota na iya kaiwa wurin a kan lokaci, da ba a yi dirar ba tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Game da hafsoshi kuwa babu ma abin tattaunawa. Sojan da ya san kaftin ɗinsa bai taɓa tsayawa a bakin wannan ƙofa ba, zai sara masa, don doka ce, amma zuciyarsa ba ta tare da shi. Masu naɗe laima su ma haka. A sojan Amurka sai wanda ya yi dira ake koya wa naɗi, kuma cikin horonsa yana dira da laimar da ya naɗe da hannunsa. Na ga hikimar wannan ƙwarai, don mai naɗi yana riƙe da ran mutum ne a kan tebur, igiya bayan igiya.

Batun cewa zamani ya wuce, a dubi taswira. Ƙasarmu ta kai murabba'in kilomita 1,267,000, mafi yawanta hamada. A ƙarshen Janairun 2013, sojojin Faransa sun diro da dare a arewacin Tumbuktu don su toshe hanyar fita daga garin. A 2015 sun sake dira cikin ƙasarmu, wajen mashigin Salvador kusa da iyakar Libiya. Yau Faransawa sun tafi tun Disambar 2023, Amurkawa sun bi su a 2024. Tsaron wannan sarari ya rage namu. Daga Yamai zuwa Agadas kaɗai ya haura kilomita 900 a mota, balle Dirku ko Madama. Ƙasa irin wannan tana buƙatar mutanen da za a iya ajiyewa a bayan dutse cikin sa'o'i kaɗan, ko da sau ɗaya ne a shekara goma buƙatar ta taso.

Sunan para yana da nauyi a garin nan. Marigayi Ibrahim Ba'are Mainasara ya jagoranci kampanin para na Yamai shekaru kafin ya zama shugaban ƙasa, kuma yara da yawa sun shiga soja ne don su ga fuka-fukin nan, wato alamar para, a ƙirjinsu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ɗora wa yaro laifin rashin shaida alhali jirgi ne ba a ba shi ba. Wajibcin da nake magana a kai, kafin ya hau kan soja, yana kan hukuma. Muna da jiragen ɗaukar sojoji na C-130, muna da filin jirgin soja a gefen filin Diori Hamani. A ware sa'o'in tashi don dira a kasafin kowace shekara, a sa sabon shiga ya samu shaidarsa cikin watanninsa na farko, tsofaffi kuma su riƙa sabuntawa, don wanda ya shekara biyar bai diro ba jikinsa ya manta.

Wanda ya yi dira ya ji rauni, gwiwa ko baya suka hana shi komawa sama, wannan a bar shi cikin ƴan uwansa da alamarsa, ya koyar da sabbi yadda ake faɗuwa a filin horo, ko ya kula da ma'ajin laimomi. Wanda kuwa aka ba dama ya ƙi, a mayar da shi wata runduna ba tare da wulaƙanci ba, don sojan ƙasa da ke gadi a Tillia ko Bosso bai gaza kowa jarumta ba. Idan kuma hukuma ta ga ba za ta iya ɗaukar nauyin jirgi da laima ga bataliya guda ba, ta rage ta zuwa kampani ɗaya da kowa a ciki ke dira, sauran a ba su sunan aikin da suke yi.