Wi-Fi ya haɗu, adireshi ya ƙi zuwa: yadda na bi sawun saƙonnin DHCP

Ƙorafin da ya fi yawan isowa teburin masu kula da hanyar sadarwa a babbar ma'aikata shi ne "Wi-Fi ba ya aiki", alhali a galibin lokutan da na bincika, Wi-Fi ɗin lafiyarsa ƙalau. Na'ura ta ga sunan hanyar, ta gabatar da shaidarta, an karɓe ta, sandunan sigina sun cika, amma ba ta samu adireshin IP ba, tamkar baƙon da aka buɗe wa ƙofa ba a nuna masa wurin zama ba. Wayar Android za ta yi ta cewa tana neman adireshi har ta haƙura, kwamfutar Windows kuwa, idan aka buga ipconfig, sai a tarar da adireshi mai farawa da 169.254, wanda na'ura ke laƙaba wa kanta idan ta yi kira ba a amsa mata ba.

A tsarin DHCP, wanda ke raba wa na'urori adireshin IP, kamar yadda aka fayyace shi a takardar ƙa'ida ta RFC 2131 a shekarar 1997, karɓar adireshi tana bin saƙonni huɗu ne. Na'ura ta yi shela da Discover, saba, wato kwamfutar da ke raba adireshi, ta yi mata tayi da Offer, na'ura ta nemi adireshin da Request, saba ta tabbatar mata da Ack, duka a kan kafofin UDP 67 da 68. Shelar farko ba ta tsallake rauta, na'urar da ke haɗa yanki da yanki, ita kuwa saba a babbar ma'aikata kusan kullum tana wani yanki dabam, saboda haka dole a sami ɗan aike a tsakani, abin da ake saitawa da ip helper-address a kayan Cisco. Shi ne zai ɗauki shelar, ya rubuta adireshinsa a gurbin giaddr domin saba ta san rumbun da za ta ɗebo adireshi daga ciki, sannan ya miƙa ta. Duk lokacin da adireshi ya ƙi zuwa, ɗaya daga cikin saƙonnin nan huɗu ne ya mutu a wani wuri, aikina kuma shi ne gano wanne ne, kuma a ina.

Matsalar da ta fi koya mini wannan ta taso ne bayan an buɗe sabon ɓangare a wani bene, aka kafa sabon suwic, wato akwatin da ake jona igiyoyin sadarwa, da sababbin na'urorin watsa Wi-Fi. Abin da ya rikita kowa shi ne mutum biyu za su zauna kusa da juna, a kan sunan hanya ɗaya, ɗaya yana aikinsa, ɗayan kuwa ya kasa buɗe ko da shafi guda. Shawarwari suka yi ta zuwa, wani ya ce a ƙara na'urorin watsawa, wani ya ce a kashe kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa su, a kunna. Ban bi ko ɗaya ba, domin kwantirola ta nuna cewa duk waɗanda suka kasa sun wuce tantancewar shiga ta 802.1X lami lafiya, kuma ƙarfin siginarsu bai gaza na maƙwabtansu ba. Da na jera sunayen masu ƙorafin sai na ga duk 'yan sashe ɗaya ne, kuma sabar RADIUS, wadda ke tantance masu shiga, tana tura 'yan wannan sashe zuwa VLAN 30, wato keɓaɓɓen yanki na hanyar sadarwa mai lamba 30, yayin da sauran ma'aikata ke faɗawa wani VLAN dabam.

Daga nan na ari kwamfutar ɗaya daga cikinsu, na kunna Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa, na tace da kalmar dhcp. Allon ya cika da Discover kawai, layi bayan layi, tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa, babu Offer ko ɗaya. Na koma wajen saba na nemi lambar MAC ta wannan kwamfuta, wato lambar shaidarta a hanyar sadarwa, a kundin sabar, babu ita sam. Wannan ya wanke saba daga zargi, ya kuma nuna cewa shelar tana mutuwa ne a kan hanyar zuwa. A sabon suwic, teburin lambobin MAC ya nuna kwamfutar a VLAN 30, a kan kafar da na'urar watsawa ke jone. A babban suwic na tsakiya kuwa babu alamarta. Umarnin show interfaces trunk ya ƙarasa bayanin: igiyar da ta haɗa suwic ɗin biyu tana da jerin VLAN da aka yarje wa wucewa, kuma 30 ba ya cikinsu. Layi ɗaya ya gyara lamarin, wato switchport trunk allowed vlan add 30. Ya kamata a kula da kalmar add ɗin nan sosai, domin duk wanda ya manta da ita zai shafe jerin gaba ɗaya ya bar 30 kaɗai, ya katse benen duka, wataƙila har da hanyar da shi kansa ya shigo ta ita.

Akwai abin da ya ƙara ɓoye wannan matsala. Wasu 'yan sashen sukan fara jona kwamfutarsu a wani bene su samu adireshi, sannan su tako zuwa sabon ɓangaren, na'urar kuma ta ci gaba da riƙe adireshinta tunda wa'adinsa bai ƙare ba. Su ƙorafinsu shi ne suna da adireshi mai kyau amma babu abin da ke tafiya, sai aka ɗauka cuta biyu ce, alhali tushensu ɗaya.

Sauran wuraren da saƙo ke mutuwa ba su ba ni wahala kamar haka ba. Idan an manta da saita ɗan aike a sabon VLAN, saba ba za ta ji komai ba. Idan an kunna kariyar DHCP snooping, mai tare sabar bogi, ba a ayyana kafar da ke fuskantar saba a matsayin amintacciya ba, suwic zai zubar da Offer da Ack da suka shigo ta nan, kuma ƙididdigarsa ta fakitin da ya zubar za ta tona shi. Sigina ma takan zama sanadi a can gefen gini, inda waya ke jin na'urar watsawa amma ita ba ta jin wayar sosai, sai dai wannan yana bin wuri ne, ba ya bin mutum.

Ƙarewar rumbun adireshi kuwa alamarsa dabam ce: Discover yana isa saba, saba kuma ta yi shiru domin ba ta da abin bayarwa. Na gamu da shi a hanyar baƙi, wadda aka ba yankin /24 mai adireshi 254 kacal, aka kuma bar wa'adin aro a kwana 8, yadda Windows Server ke zuwa da shi. Baƙon da ya zauna sa'a ɗaya da waya da kwamfuta ya tafi da adireshi biyu na fiye da mako. Ga kuma sauya lambar MAC da wayoyi ke yi don kare sirri, wanda ya zama ruwan dare tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, abin da ya sa ba a iya dogara da lambar da ke jikin na'ura wajen keɓe mata adireshi. Na mayar da wa'adin baƙi zuwa 'yan sa'o'i, na faɗaɗa yankin zuwa /22 mai adireshi 1022. Gajeren wa'adi yana ƙara wa saba aiki, tunda kowace na'ura takan nemi sabuntawa idan rabin wa'adinta ya cika, amma a hanyar baƙi na ga nauyin bai taka kara ya karya ba. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne rage wa'adi ba ya dawo da adireshin da aka riga aka bayar. Tsofaffin suna nan daram har kwanakinsu 8 su cika, don haka sai da na bi jerin na goge na na'urorin da kwantirola ta nuna sun daɗe da barin ginin, kafin sababbin baƙi su fara samun Offer.