Talata, da maganar da Auta ya faɗa min

Safiyar yau ta fara lafiya lau. Na iso da wuri, na yi zamana na tattara hankali na minti biyar a mota kafin in shiga, waya a kife, ina bin numfashi yana shiga yana fita, hankali ya gudu wajen rahoton ƙarshen wata in jawo shi, ya sake zillewa in sake jawowa, kun dai san yadda abun yake. Na shiga ofis raina fes.

A mitin ɗin ƙarfe goma ne Hajiya shugabarmu ta ce tunda ƙorafin gajiya ya yi yawa a sassa, za a biya wa kowane ma'aikaci manhajar atisayen natsuwa a waya, sannan duk mako a riƙa zama na minti goma ana tattara hankali tare, kuma ni take so in jagoranta tunda kowa ya san ina yi. Wallahi na ji daɗi, abun da na daɗe ina so ofis ɗin nan ya ɗauka da muhimmanci kenan. Har na fara tsara yadda za a jera kujeru a raina.

Ban jima da komawa ofishina ba sai ga Auta, ɗaya daga cikin ma'aikatan sashena, a bakin ƙofa, bai shigo gaba ɗaya ba, hannu ɗaya na riƙe da ƙofar ɗaya na murza murfin biro.

"Oga, in yi magana?"

"Shigo mana ka zauna."

Bai zauna ba. Ya ce, "Oga, ni fa ba ƙin abun nake ba, kar ka ɗauka raini ne. Amma tun da mutum biyun nan suka ajiye aiki ni kaɗai nake jan aikin mutum uku, jiya sai da dare ya yi sosai na kashe kwamfuta, yau kuma a ce in rufe ido in ja numfashi. To in na buɗe idon ai takardun suna nan inda na bar su."

Idonsa ja wur, irin jan rashin barci. Muryarsa na ɗan rawa, da ganinsa ya daɗe yana maimaita maganar a ransa kafin ya samu ƙarfin zuwa.

Ni kuwa nan take na ji zafi ya taso min daga ƙirji, muƙamuƙina ya ɗaure, amsa har ta zo bakina a shirye, wai ai kowa a haka yake fama, wai ai don amfaninku ake yi. Amfanin zaman nan na safe a nan nake ganinsa, ka ga zafin tun yana tasowa kafin ya zama magana. Na ji tafin ƙafata a ƙasa, na ja numfashi uku a hankali, na bar amsar ta wuce. Bai fi daƙiƙa goma ba. Sai na ce masa, "A cikin ayyukan nan wanne ya fi cin ka?"

Ya tsaya yana kallona kamar bai zaci tambaya ba. Sannan ya ja kujera ya zauna. Ya ce daidaita lissafin kullum dole ne ya sani, amma rahoton Alhamis yana cinye masa rabin yini cur, kuma shi a ganinsa babu mai buɗe shi, don akwai makon da ya manta bai saka shafi guda ba har yau ba wanda ya tambaya. Ya ce imel na shigo masa bayan an tashi da alamar gaggawa, washegari sai ya tarar ba gaggawar komai. Ya yi ta magana, ni dai ina saurare, duk sanda hankalina ya fara haɗa amsa sai in dawo da shi kan fuskarsa. Da zai fita ya ce, "Na gode Oga, na ɗauka za ka ji haushi." Wannan kalmar ce ta fi tsaya min, yaro mai aiki haka ya zo faɗin gaskiya yana jin tsoro.

Tun daga nan walwalata ta tafi.

Don in an bi asalin abun, shirin atisayen natsuwa da wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, marasa lafiya aka yi wa shi, masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mako 8 ake yi kuma kusan minti 45 kullum a gida. Mutum ne da ciwon da ba yadda zai yi da shi ake koya masa zama da shi. Daga baya kamfanoni suka ɗauka, Google ma ya fara nasa kwas ɗin a 2007. To amma aikin mutum uku a kan mutum ɗaya ai abu ne da ake iya gyarawa, akwai wanda in ya sa hannu a takarda ya wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 da ta yi bayanin irin wannan ƙonewar da aiki ke yi wa mutum, cewa ta yi daga matsin wurin aiki ne da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Waye ke da ikon shawo kansa in ba mu masu kujerar ba?

Shi ya sa nake ganin mu shugabanni mu ne muka fi buƙatar atisayen, kuma mu ya kamata a fara da mu. Akwai binciken da aka yi a Harvard a 2010, mutum sama da 2,000 aka riƙa tambaya ta waya me suke yi kuma ina tunaninsu yake, aka samu kusan kashi 47 cikin 100 na lokaci hankali ba ya kan abun da ake yi. Ka ɗora wannan a kan manaja da ma'aikaci ke tsaye gabansa yana kawo kuka, kai na gyaɗawa ido na kan allon waya, rabin maganar ta zube ƙasa, sannan a kan ragowar rabin za a yanke hukuncin da zai shafi barcin wani da zamansa da iyalinsa. Kuma fushin shugaba ba ya tsayawa a kansa, in ya fito daga mitin a murtuke duk sashen sai ya yi tsit har a tashi.

Bayan ƙarfe biyu na leƙa wajen Hajiya. Na ce, "Ranki ya daɗe, manhajar tana da kyau, amma ina ganin in ba a cike guraben nan biyu ba yaran za su ɗauke ta a matsayin rufe baki." Ta yi shiru, ta cire tabarau ta murza ido, ita ma a gajiye take. Ta ce kasafin bana ya riga ya rufe amma za ta kai maganar sama. Ban ji haushinta ba, na san ita ma akwai masu danna ta.

Sauran yinin dai haka nan. Kira biyu. Firinta ta sake maƙalewa. Maman yara ta turo saƙo kar in yi dare.

Rahoton Alhamis a hannuna yake, don haka kafin in tashi na rubuta wa sashen cewa an dakatar da shi, duk mai buƙatar wani adadi ya tambaye ni kai tsaye, kuma imel ɗin bayan tashi ba dole a amsa ba sai da safe. Guraben biyu kuwa sun fi ƙarfina, kuma su ne ainihin matsalar, abun na damuna sosai. Har yanzu ban ba Hajiya amsa kan jagorantar zaman ba. Gobe in Allah ya kai mu zan roƙe ta mu fara da shugabannin sassa kaɗai na ɗan lokaci, ma'aikata kuma wanda ya ga dama ya zo wanda bai so ba kar a rubuta sunansa.