Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Darasin Yoga a Maisur

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya na tsaya a inda na kammala zangon farko a kwalejin koyon aikin fisiyo, wato warkar da ciwon gaɓoɓi da tsoka ta hanyar gashi da motsa jiki, da ke Maisur, a jihar Karnataka ta kudancin Indiya. Yau zan shiga wani al'amari da ya hana ni sukuni a lokacin, wanda har gobe in matasanmu masu shirin tafiya karatu can suka zo neman shawara, da shi nake farawa kafin maganar biza da kuɗin haya.

Da muka koma zango na biyu a farkon 2015, sai ga yoga a jadawali, ƙarƙashin darasin warkarwa ta hanyar motsa jiki, kuma da maki a kai. Iya sanina da yoga a lokacin shi ne matan Turawa da nake gani a talabijin suna lanƙwashe jiki a kan tabarmar roba. Ashe garin da nake zaune ma cibiyarta ne. A shekarun 1930 Sarkin Maisur ya ɗauki nauyin wani malami, Krishnamacharya, ya buɗe masa makaranta a fadar Jaganmohan. Almajiransa irin su Iyengar da Pattabhi Jois su suka yaɗa wannan salo zuwa Turai da Amurka. In ka shiga unguwar Gokulam da asuba, za ka ga Turawa rataye da tabarmi suna sauri kamar masu gudun kada jam'i ya wuce su.

Malaminmu dattijo ne siriri, kansa fari fat, amma yana iya tsayuwa da ka ba tare da numfashinsa ya sauya ba. A saman benen kwalejin ake darasin, gab da fitowar rana. Ranar farko ya ce mu jeru mu fuskanci gabas, mu haɗa tafukan hannu a ƙirji. Aka ja kalmar "Om", mai tsarki a addinin Hindu, da murya ɗaya har ƙirjina na amsawa. Sannan aka shiga abin da suke kira surya namaskar, gaisuwar rana: matakai 12, a ɗaga hannu sama, a sunkuya, a kwanta rub da ciki, a miƙe. Kafin kowane zagaye yana ambaton ɗaya daga cikin sunayen rana, ɗalibai suna amsawa.

Mu a gida gabas ita ce alƙibla. A Indiya kuwa yamma muke kallo in za mu yi salla, don haka ga ni na juya wa Ka'aba baya, rana tana ɓullowa a gabana jajur. Mataki na shida shi ya fi tayar mini da hankali, inda gaɓoɓi takwas ke taɓa ƙasa: ƙafafu, gwiwoyi, tafukan hannu, ƙirji da haɓa. Ni da aka koya wa sujada a kan gaɓoɓi bakwai tun ina allo, na ji jikina ya ƙi. Na ja da baya na tsaya jikin bango har aka tashi.

Abokin ɗakina Musulmi ne ɗan jihar Kerala ta Indiya, mai kula da salla sosai, shi kuwa ya yi komai tare da su. Da muka sauko ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, motsa jiki ne kawai. Tun muna firamare muke yi. Ai komai da niyya ne." Na so ƙwarai in yarda da shi, domin maki na nake tunani, da kuɗin da Baba ya sayar da gona ya biya. Sai na je wurin malamin, ina fatan shi ma ya faɗi haka, in samu natsuwa.

Na ce, "Malam, an ce mini wannan abu motsa jiki ne kawai. Haka ne?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ɗana, ba zan faɗa maka abin da ba haka ba don ka ji daɗi. A wurina ibada ce." Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin Patanjali, wanda ya tsara yoga zuwa rassa takwas tun ƙarnoni masu nisa. Na farko da na biyu tarbiyya ce: barin cutar da mai rai, gaskiya, barin sata, kame kai, tsafta, wadatar zuci. Zaman jiki, wato asana, shi ne na uku, kuma a asali manufarsa mutum ya iya daɗewa a zaune ba tare da jiki ya dame shi ba. Daga nan sai sarrafa numfashi, janye gaɓoɓi daga duniya, tattara hankali, zurfafa tunani, har zuwa samadhi, matakin da suke nema na ƙarshe. Ya ce yana jin zafi in ya ga an yanke reshe ɗaya ana sayar da shi a gidajen rage ƙiba, an watsar da bakwai. "Amma kwaleji," in ji shi, "gaɓoɓi da tsoka take so ka sani. Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka ban da iko a kai."

Wallahi tun daga ranar mutumin nan ya ƙara girma a idona. Da ya ga dama sai ya lallashe ni da kalma ɗaya, ya huta.

Da daddare na kira Baffana a Zariya, wanda a gabansa na sauke Alƙur'ani. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai. Bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya tambaye ni me ake faɗa, ina ake kallo, da wane lokaci ake yi. Da na amsa sai ya ce, "To Auta, saurara. Miƙa jiki don lafiya babu wanda ya hana ka, ko daga hannun wa ka koya. Amma ka san an hana mu ko da nafila a daidai lokacin da rana ke fitowa, don kada mu yi kama da masu yi mata sujada. Ka buɗe Suratu Fussilat, aya ta 37." Na san ayar, ita ce ke cewa kada a yi sujada ga rana ko wata, a yi ga Allah da Ya halicce su. Ya ce, "Abin da ke da ambaton wanin Allah ka bar musu. Sauran ka koya da kyau, marasa lafiya na jiran ka. Kuma kada ka wulaƙanta malaminka." Na ce, "To, Allah gafarta Malam."

Ba a jima ba na gane cewa ba ni kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya. Bikin farko ya faɗo a 2015, muna farkon azumi. Jaridu suka cika da muhawara. Ƙungiyoyin Musulmin Indiya suka nuna adawa da gaisuwar rana, gwamnati kuma ta bar ta daga tsarin bikin na hukuma, wanda ya tara mutum fiye da 35,000 a titin Rajpath na birnin Delhi. Kafin nan, a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga, a 2009 kuma malaman Indonesiya suka hana mai ɗauke da ambaton addinin Hindu, suka bar wadda take motsa jiki zalla. A ɗaya ɓangaren, mabiya Hindu a Amurka sun yi gangami a 2010 suna kukan an raba yoga da asalinta. Su ma, kamar malamina, ba su yarda wasa ba ce.

Ra'ayina, wanda ban sauya ba har yau, shi ne mai cewa "motsa jiki ne kawai" yana tauye mutum biyu. Yana tauye Bahindu da ya ɗauki abin a matsayin hanyarsa ta neman tsira, yana kuma rufe wa Musulmi ido daga tambayar da ya kamata ya yi kafin ya shimfiɗa tabarma. Ban zargi abokina ɗan Kerala ba, shi a cikin abin ya tashi, kuma na shaidi tsoron Allahnsa. Ni dai zuciyata ba ta ɗauka ba.

Malamin ya amince in riƙa zuwa bayan an gama buɗewa da gaisuwar rana. Na koyi sauran da gaske: kwanciya rub da ciki a ɗago ƙirji don ciwon ƙugu, ɗaga ƙugu daga kwance don ƙarfafa tsokar baya, jan numfashi a hankali har ciki ya cika. Amfaninsu a fili yake, a 2017 ma ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta saka yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi. A yau direbobi da teloli da ma'aikatan ofis da ke zuwa wurina da ciwon baya, waɗannan nake koya musu. Sai dai ba na kiran su yoga, motsa baya nake cewa, domin na san abin da na ɗauko da abin da na baro a saman benen nan.

A jarrabawar ƙarshen zango malamin ya sa ni nuna matakan gaisuwar rana a kan hoton ƙwarangwal, in faɗi tsokar da kowane mataki ke ja, maimakon in yi da jikina. Na ci da maki mai kyau. Da zan fita ya kira ni ya ce matarsa na fama da ciwon gwiwa, ko zan zo gida in duba ta ranar Lahadi. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin shigata gidan Bahindu karo na farko, da yadda muka kwashe da abincin da aka ajiye a gabana.