Kwanon awakin Goggo

A shekarata ta ƙarshe a sashen tarihi, na kai wa malamin da zai duba aikina batutuwa uku, kowanne ya fi ƙarfina. Ya karanta, ya ture takardar gefe, ya ce, "Kai ɗan wace unguwa ne?" Na ce Gangare. Ya ce, "Kakanka fa?" Na buɗe baki, sai na tarar abin da na sani bai wuce kalma biyu ba: malami ne, Bakano ne. Ya ce, "To ga aikinka nan, je ka nemo shi."

A Jos wannan tambaya ba ta da daɗin ji. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ya san abin da ke biyo bayan "daga ina kakanka ya zo". Shi ya sa gidaje da yawa, har da namu, suka daina tono zancen, yara suka tashi ba su san komai ba.

Kuskurena na farko shi ne na nufi maza, na kuma nufi takarda. Babana yana ɗan shekara goma sha biyu Malam, wato kakan nawa, ya rasu. Shekarar ma ba don an rubuta ya riƙe ta ba, sai don a cikinta aka koma tuƙi ta hannun dama, wato 1972. Baffa, babban wansu, shi ya gaji akwatin ƙarfen Malam mai ɗauke da rasidan haraji da wasiƙun ajami da hoto ƙwaya ɗaya. Don gudun ɓarnar yara ya kai shi shagonsa a kasuwar Taminus. Gobarar Fabrairun 2002 ta cinye shago da akwati. Da na tambaye shi abin da ke cikin wasiƙun, ya ce bai taɓa karantawa ba, kullum yana cewa sai ya samu lokaci.

Daga nan na tafi Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, na yi mako guda ina shaƙar ƙurar fayil. Ban yi asara ba. A nan na fahimci yadda kuza ta haifi garin: Turawan kamfanin Neja sun fara kafa sansani a Naraguta a farkon ƙarnin da ya wuce, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927, aka yi ta haƙe gonakin Birom da maƙwabtansu, barikoki suka yi ta tsirowa da sunayen Hausa irin su Barikin Ladi da Sabon Gidan Kanar da Gindin Akwati. Na kuma karanta yadda a 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya wadda Ingila ke samun kuza daga can, gwamnati ta ɗora wa sarakuna da hakimai kawo mutane aikin tilas, abin da ya ci gaba har 1944, sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da dama. Amma sunan kakana ban gan shi ba, kuma da na yi tunani tun farko da ban sa rai ba. Bature yana rubuta sunan Bature ɗan'uwansa da na sarki, wani lokaci da na akawu ko heluma. Lebura kuwa ƙirga shi ake yi kamar buhu: lardi kaza ya kawo kaza, kaza sun gudu, kaza sun mutu.

Mahaifiyata ce ta ce, "Kana ta yawon Kaduna, ga Goggonku a Dilimi ba ka je ba." Na je da littafi da jerin tambayoyi ashirin, na ajiye waya a gabanta tana ɗaukar murya, na ce, "Goggo, mene ne cikakken sunan Malam da na mahaifinsa?" Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, "Ɗan nan, boko ne ya ce ka zo ka sa ni kama sunan ubana?" Hira ta ƙare a nan. Shekara huɗu ina karatun tarihi, ban lissafa alkunya ba.

Na koma bayan sati biyu, ba littafi, sai goro da sabulu. Na same ta tana tsince shinkafa, na zauna a kan turmi. Lokacin hunturu ne, na ce sanyin bana ya yi yawa. Ta ce, "Wannan ne sanyi? Malam ya ce shekarar da aka kawo su, da buhu suke rufa, da safe a taɓa na kusa da kai a ji ya sandare." Kalmar "aka kawo su" ta tsaya mini a maƙogwaro. Mu a gida cewa ake ya zo. Ban katse ta ba, kuma wannan shirun shi ne abu mafi amfani da na yi a duk binciken.

A hankali, cikin zuwa biyar ko shida, labarin ya fito, ba a jere ba. Dagacin garinsu ne ya nuna shi saboda maraya ne, ba mai tsaya masa. Ya ɗauki kwano a wani bariki kusa da Bukuru, daga rami zuwa wurin wanki, tun safe har la'asar. Da wa'adinsu ya cika bai koma ba, ya ce ba zai sake haɗa ido da dagacin nan ba. Karatu kuwa da girmansa ya yi shi, da dare, a wurin wani malami da ke bin barikoki, har ya sauke, ya dawo Gangare ya kafa makarantar allo. Ashe malantar gaskiya ce, farkon labarin kawai aka yanke.

Goggo ba ta san shekaru da lamba ba, amma ba ta kuskure su. Ta ce ranar da Sarauniyar Ingila ta zo Jos tana goye da ƙaninta, ita kuma ba ta fi shekara takwas ba. Zuwan Sarauniya 1956 ne, ka ga na samu shekarar haihuwar mutum biyu a jimla guda. Sunan mahaifin Malam ma da ta ƙi faɗa, ta hanyar baya na same shi. Na tambaye ta dalilin da Malam bai taɓa kiran Baffa da sunansa na yanka ba sai Abba. Ta ce, "To wa zai kama sunan mahaifinsa?" Sunan da na je nema har Kaduna yana kan katin zaɓen Baffa.

Kanancin ne ya rushe. Na ce ta kwatanta mini fuskarsa tunda hoton ya ƙone. Ta ja yatsu daga goshi zuwa kumatu, zane dogaye a jere, irin na Barebari. Ta ƙara da cewa ba Bafillatanar da za ta shigo da nono ta fita bai tsokane ta ba, su kuma su rama, a yi ta dariya. Kowa ya san wasan Fulani da Barebari. Sannan duk shekara wani tsoho yakan zo daga wajen Nguru da kanwa da busasshen kifi, ya kwana uku, su yi ta wani yare a zaure. Nguru nan ne ƙarshen layin dogon da ya tashi daga Kano. Abin da na ɗauka, kuma haka na rubuta a matsayin hasashena, shi ne ta Kano jirgi ya biyo da su, a bariki kuwa ba mai tambayar ƙauyenka, inda aka ga ka fito nan ne sunanka.

Da babana ya karanta babin, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "Dole ne sai ka rubuta lebura?" Na ce haka Goggo ta faɗa. Ya ce, "Yaya ce ta faɗa? To bar shi."

Zuwana na ƙarshe kafin in miƙa aikin, na ce mata abin da ke damuna shi ne babu ko tsinke na Malam da ya rage. Ta nuna bayan ɗaki da haɓa. Wani baƙin kwanon ƙarfe ne mai hannu biyu, gindinsa ya sha faci, awaki uku sun kafa kai a ciki suna cin dusa. Tun ina yaro nake tsallake shi. Ta ce da shi ya sauko daga bariki, a ciki aka yi wa su Baffa wankan jarirai. Na ce, "Goggo, ki ba ni shi in adana." Ta ce, "Awakin kuma su ci a ina? Sayo mini wani tukuna."